Yadda Soliya ta zaunar da ɗaliban Yamma da na ƙasashen Musulmi a aji ɗaya ta intanet

A 2003, shekarar da Amurka ta afka wa Iraƙi, shekara biyu kacal bayan harin 11 ga Satumba, wasu Amurkawa biyu, Lucas Welch da Liza Chambers, suka kafa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Soliya. Shi Welch ɗan jarida ne, ya yi aiki da gidan talabijin na ABC kuma ya taɓa koyarwa a jami'ar Birzeit da ke Falasɗinu, ita kuma Chambers fagenta sasanta rikici ne. Abun da ya dame su kowa na ganinsa a lokacin, matashin Amurka bai san Musulmi ba sai wanda ake nuna masa a labarai, matashin Alƙahira ko Amman shi ma bai san Ba'amurke ba sai soja riƙe da bindiga a titin Bagadaza ko ɗan wasan fim, kowa ya gama yanke wa ɗaya hukunci alhali ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Sai suka ce to bari a zaunar da ɗaliban jami'a na ɓangarorin biyu su yi magana suna ganin fuskar juna, ta intanet, kuma a cikin kwas ɗin da suke karantawa a makarantunsu, wanda za a ba su maki a kai. Suka sa wa shirin suna Connect Program, ya kuma shafe fiye da shekara 20 ana yinsa.

Ku tuna fa wane zamani ake magana. A 2003 babu Facebook, sai 2004 ya fito, babu YouTube sai 2005, Skype ma a shekarar aka fara shi, Zoom kam sai bayan shekara goma. Mu nan Najeriya layin GSM bai fi shekara biyu da shigowa ba, wanda ke son aika imel sai ya je kafe ya biya kuɗin awa. A irin wannan yanayi ne suka ce za su haɗa mutum takwas zuwa goma daga ƙasashe daban daban a bidiyo kai tsaye na awa biyu, to dole suka sa aka gina musu nasu dandalin, kuma tun farko suka gina shi da tunanin wanda netwok ɗinsa ya fi na kowa rauni. Wannan shawara ta farko ita ce ta ba shirin tsawon rai a ganina, domin da sun gina shi daidai da intanet ɗin Boston da tun samista ta biyu an rasa rabin ajin.

Me ya sa ba a kai ɗaliban can kawai ba su gani da idonsu, tunda gani ya kori ji? Kuɗi ne da biza. A lissafin UNESCO ɗaliban da ke karatu a wajen ƙasarsu sun ɗan haura miliyan 6 a 'yan shekarun nan, cikin ɗaliban manyan makarantu sama da miliyan 200 na duniya, wato ko kashi 3 cikin 100 ba su kai ba, kuma mun san su waye mafi yawansu, 'ya'yan masu hali da 'yan ƙalilan da suka dace da sikolashif. A wancan lokaci ma abun ya fi tsanani ga Musulmi, don a 2002 Amurka ta fito da tsarin rajista na musamman ga maza baƙi 'yan ƙasashe 25 waɗanda kusan dukansu ƙasashen Musulmi ne, ana ɗaukar hoton yatsunsu ana yi musu tambayoyi. Sannan akwai 'yan mata masu ƙoƙari da iyayensu ba za su taɓa bari su ƙetare su kaɗai ba, ko da kyauta ne, da ɗalibin Gaza da fita daga garinsu ma kaɗai aiki ne. Su ma Amurkawan masu fita karatu waje yawanci Ingila da Italiya da Sifen da Faransa suke nufa. Kenan waɗanda suka fi buƙatar haɗuwa su ne tafiya ba ta haɗa su.

Ga yadda abun ke gudana. Malami a jami'arsa, a ce mai koyar da hulɗar ƙasa da ƙasa ko aikin jarida ko Turanci, zai shigar da shirin cikin kwas ɗinsa na wannan samista. Sai Soliya ta karɓi sunayen ɗalibansa ta rarraba su, ba za a tara 'yan aji ɗaya a rukuni ɗaya ba, kowa za a jefa shi cikin baƙi, ta yadda rukuni zai ƙunshi wajen rabi daga Amurka da Turai, rabi daga ƙasashen Larabawa da sauran ƙasashen Musulmi irin su Pakistan da Indunusiya. Wannan rukuni shi ne zai riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, awa biyu, har mako takwas, fuskoki iri ɗaya, lokaci iri ɗaya. Akwai abun karantawa kafin a shigo, akwai aikin da ɗalibai biyu za su yi tare a gefe, kamar su yi wa juna tambayoyi su kaɗai, akwai kuma rubutun ƙarshe da za a miƙa wa malami. Malamin shi kansa ba ya shiga ɗakin, rahoton halarta da na ƙwazo yake samu, kuma da gangan aka yi haka, don ɗalibi ba zai faɗi abun da ke cikinsa ba in ya san mai ba shi maki na saurare.

Shi dandalin an jera hotunan bidiyon mutane a da'ira, kowa na ganin kowa, babu wanda ke sama babu na ƙasa, tsakiyar da'irar kuma aka bar ta wajen rubutu. Mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, sai ka danna maɓalli ka karɓi makirfo, in ka gama ka saki. Ƙaramin abu ne a ido amma duk wanda ya taɓa zama a taron da mai kaifin baki ke katse kowa ya san amfaninsa, mai jan Turanci a hankali yana samun damar ya kai ƙarshen jimlarsa ba tare da wani ya ƙarasa masa ba. Wajen rubutun na tsakiya kuwa, ɗaya daga cikin masu jagorantar zaman yana ta taƙaita abun da ake faɗa yana rubutawa nan take, saboda wanda sautinsa ke yankewa ko wanda lafazin mai magana ya yi masa sauri ya bi da ido, in netwok ya jefar da kai ka dawo sai ka karanta abun da ya wuce ka.

Su waɗannan masu jagoranci nan ne nake son mu tsaya sosai, don su ne ƙashin bayan abun gaba ɗaya. Kowane rukuni ana ba shi mutum biyu galibi, kuma ana ƙoƙarin kada su fito daga ɓangare ɗaya. Da yawansu 'yan sa kai ne, wasu tsofaffin ɗaliban shirin ne da suka dawo, ana ba su horo na makonni a intanet sannan a sa gogaggu su riƙa leƙa zamansu suna yi musu gyara bayan an tashi. Aikinsu ya yi kama da na dattijon da aka zaunar a tsakiya a zaman sulhu, ba ya faɗin nasa ra'ayi, ba ya cewa wane ne ke da gaskiya, amma shi ke lura da wanda ya yi shiru tun ɗazu ya jawo shi, shi ke mayar da magana mai zafi cikin lafazin da za a iya amsa ta, shi ke cewa tsaya, da ka ce "ku" su wa kake nufi. Kuma ana koya musu wani abu mai wuya, su faɗa wa rukuni abun da suke gani yana faruwa a ɗakin, misali su ce mun lura tun da aka fara mutum uku ne ke ta magana kuma dukansu Turanci ne yarensu na gida, me kuke gani game da haka. Wallahi wannan ba ƙaramin aiki ba ne, malamai da yawa masu digiri uku ba za su iya ba, don mu an saba malami shi ne mai amsa, a nan kuwa ana so ka riƙe amsarka a ciki ka bar yara su yi ta laluben tasu.

Akwai wani salon daban da ya fi wannan yaɗuwa a jami'o'i, wanda ake kira COIL, cibiyarsa ta fara a jami'ar jihar New York a 2006 ƙarƙashin Jon Rubin. A can malamai biyu ne daga ƙasashe biyu za su zauna su tsara wani ɓangare na kwas tare, ɗalibansu su yi firojek ɗaya. Yana da daɗi in malaman sun jitu, amma ranar da ɗaya ya tafi hutun bincike ko aka canja masa kwas shi ke nan abun ya mutu. Salon Soliya ya ɗauke wa malami wannan nauyi, ba sai ya nemo abokin aiki a wata ƙasa ba, ba sai jami'o'i biyu sun sa hannu a yarjejeniya an sha shayi an ɗauki hoto ba, ƙungiyar ce a tsakiya tana haɗa kowa da kowa, shi ya sa ta iya kaiwa ga jami'o'i sama da 100. Farashin hakan shi ne malamin ba shi da iko sosai kan abun da ake tattaunawa, kuma jami'o'in kansu ba sa ƙulla zumunci da juna yadda ake samu a COIL, ɗalibai ne ke sanin juna, hukumomin makarantun kowa na gidansa.

To me ke faruwa a cikin ɗakin? Waɗanda suka tsara shirin sun san rukuni na bin wasu matakai, kuma ana gaya wa masu jagoranci tun a horo su sa ido. Makonnin farko kowa na ladabi, ana maganar abinci da waƙa da iyali da yadda ake biki a garinku, ana ta cewa ashe duk ɗaya muke. Mutum zai ɗauka an yi nasara kenan, amma su a wajensu wannan mataki ne da ya kamata a wuce, domin in aka ƙare mako takwas ana yabon juna to ba a taɓa komai ba, kowa zai koma da abun da ya zo da shi a ciki. Sai an kai ga maganar Falasɗinu da Isra'ila, yaƙin Iraƙi, hijabi, matsayin mace, addini da mulki, zanen ɓatanci da wata jaridar Denmark ta buga a 2005 wanda tarzomarsa ta kai har Maiduguri a Fabrairun 2006, a nan ne murya ke canjawa. A ce ɗalibi daga Amurka ya ce shi bai gane me ya sa zane zai sa mutane su fito titi ba, ɗaliba daga Jodan ta ce ita kuma ba ta gane yadda mutum zai ga an ci mutuncin abun da ya fi ƙauna ya kira shi 'yanci ba. Babu wanda zai sauya wa wani ra'ayi a wannan rana, kuma ba a ma nemi hakan ba. Abun da ake nema shi ne kowa ya faɗi daga ina nasa ra'ayin ya fito, wa ya rene shi a kai, me ya gani a rayuwarsa, har ya iya maimaita hujjar ɗayan yadda ɗayan zai ce e haka nake nufi, sannan su dawo mako mai zuwa su sake zama tare duk da an ɓata wa juna rai.

Wannan dawowar ita ce bambancinsa da faɗan da muke yi a Facebook. A can ka zagi mutum ka toshe shi ka kwanta, a nan kuwa ranar Talata mai zuwa ga fuskarsa nan a da'ira, ka san sunan ƙanwarsa, ka san babansa ba shi da lafiya, kuma maki na jiran ka in ka gudu.

A shekarun farko akwai wani aiki da ake ba su wanda ya burge ni ƙwarai. Ana ba kowane ɗalibi ɗanyen hoton bidiyo iri ɗaya na wani rikici, wanda kafafen labarai suka ɗauka ba a tace ba, a ce ya yanka ya haɗa gajeren rahoto na 'yan mintuna, ya yi iya ƙoƙarinsa ya yi adalci. In an gama sai a kalli na juna. Abu ɗaya aka ba kowa amma rahotanni su fito daban daban, wani ya fara da uwa tana kuka, wani ya fara da roka tana tashi, wani ya ba jami'in gwamnati minti guda ya ba ɗan gari daƙiƙa goma, kuma kowannensu ya yi imani shi tsakani da Allah ya yi. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ba sai an yi masa lakca kan son zuciyar kafafen labarai ba, ya ga yadda nasa hannun ya zaɓa, kuma gobe in ya kalli CNN ko Aljazeera zai tambayi kansa me aka yanke.

Yanzu bari mu zo inda abun ke ciwo, don yana da wuraren ciwo kuma ba ƙanana ba. Na farko yare. Yawancin zaman da Turanci ake yi, kenan ɗalibin Amurka yana wasa a gida, yana da barkwanci da saurin amsa da kalmomin da ke sa hujja ta yi kyau, shi kuwa na Tunis ko Rabat wanda Turanci ne yarensa na uku bayan Larabci da Faransanci sai ya fassara a kansa kafin ya buɗe baki, kafin ya shirya an wuce wajen. Mutum mai zurfin tunani sai ya fito kamar mai ƙaramin sani. Francesca Helm ta jami'ar Padova a Italiya, wadda ɗalibanta suka shiga shirin kuma ta yi bincike a kansa, ta yi rubutu kan irin wannan rashin daidaito na yare da na'ura da yadda masu jagoranci ke ƙoƙarin rage shi. Ragewa dai ake yi, rubutun tsakiya da maɓallin magana suna taimakawa, amma mai yare ya riga ya sha gaba tun kafin a fara.

Sai wuta da netwok da agogo. Wani na shiga daga ɗakinsa da kwamfutarsa shi kaɗai, wani kuma sai ya je ɗakin kwamfuta na makaranta inda mutane ke kai da kawo a bayansa, to ta yaya zai saki jiki ya yi maganar gwamnatin ƙasarsa ko shakkun da yake da shi kan wata al'ada alhali ana jin sa? A wasu ƙasashen ma maganar siyasa a fili na iya jawo wa mutum ziyarar jami'an tsaro, wannan tsoro ɗalibin Amsterdam bai san shi ba. A ƙarshen Janairun 2011 gwamnatin Masar ta kashe intanet na ƙasar kusan gaba ɗaya na kwana biyar, duk wani shiri da ya dogara da intanet yana ƙarƙashin irin wannan hukunci. Agogo kuma, tsakanin New York da Alƙahira awa shida zuwa bakwai ne, Jakarta kuwa awa 11 zuwa 12, dole wani ya tashi da asuba ko wani ya kai dare, ga hutun mako da bai zo ɗaya ba, Masar da Jodan Juma'a da Asabar suke hutu, ga azumi in ya faɗo cikin samista, zaman da aka sa daidai lokacin buɗa baki ai an san wa zai rasa.

Akwai kuma matsalar da ke cikin ginin shirin kansa, wato raba duniya gida biyu, Yamma da ƙasashen Musulmi. Ina za a sa Musulmar da aka haifa a Michigan? Ina za a sa Kiristan Labanan ko Kibɗawan Masar, ko ɗan Turkiyya da ba ruwansa da addini? Kuma da zarar an zaunar da kai a matsayin ɓangare sai ka tsinci kanka kana kare abubuwan da a gida kai ne kan gaba wajen sukar su, don kawai kada a ga gazawar naku a gaban baƙo. Wannan na san da yawanmu mun taɓa jin sa a jikinmu. Masu jagoranci nagari suna fasa wannan ta hanyar fito da saɓanin da ke cikin kowane ɓangare, a ga Amurkawa biyu sun saɓa kan yaƙi, a ga 'yan Maroko biyu sun saɓa kan hijabi, daga nan "mu" da "ku" ke fara sassautawa. Daga baya ita ma ƙungiyar ta faɗaɗa batutuwanta zuwa abubuwa irin su ƙaura da rashin daidaito da sauran matsalolin da suka shafi kowa, abun da nake gani gyara ne mai kyau.

Shin yana aiki? Tushen tunanin tsoho ne, tun 1954 masanin halayyar ɗan adam Gordon Allport ya ce cuɗanya tsakanin ƙungiyoyin da ke ƙyamar juna na rage ƙyamar, amma da sharuɗɗa, a zauna a matsayi ɗaya, a sami manufa ɗaya, a yi aiki tare, kuma hukuma ta mara baya. In ka duba da'irar nan da aikin mutum biyu da makin jami'a za ka ga sharuɗɗan nan ake ƙoƙarin cikawa ɗaya bayan ɗaya. Abun yabo shi ne Soliya ba ta tsaya ga ɗalibai sun ce sun ji daɗi ba, ta buɗe ƙofa ga masu bincike na ɗakin gwajin Rebecca Saxe, mai binciken ƙwaƙwalwa a jami'ar MIT ta Amurka, ciki har da marigayi Emile Bruneau, suka riƙa auna ɗalibai kafin shiri da bayansa suna kwatanta su da 'yan uwansu da ba su shiga ba. Cikin abun da suka auna har da wanda ni ya fi taɓa ni, wato yadda kake zaton ɗayan yana kallon ka, domin sau da yawa ƙiyayya daga nan take tasowa, ka ɗauka ya raina ka ya mayar da kai ba mutum ba sai kai ma ka rama. Sakamakon ya nuna ɗaliban Amurka da suka shiga sun sassauta a yadda suke kallon Musulmi da kuma yadda suke zaton Musulmi na kallon su.

Sai dai a riƙe wannan da hankali. Wanda ya zaɓi kwas irin wannan da ƙafarsa dama yana da ɗan buɗaɗɗen zuciya, mai tsananin ƙiyayya ba ya zuwa. Kuma sassaucin zuciyar ɗalibi ɗan shekara 20 bai tsayar da jirgin yaƙi ko ɗaya ba, bai buɗe mashigar Rafah ba. Ni ban ga laifin shirin a nan ba, abun da aka gina shi ya yi kenan, ya canja yadda mutum ke sauraro, kuma wannan kaɗai ya isa a kashe masa awa 16 na samista, amma duk wanda ya tallata shi a matsayin maganin rikicin duniya ya ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Maganar kuɗi kuwa tana da nata labarin. A 2011 Soliya ta haɗa kai da wasu ƙungiyoyi biyu masu irin wannan aiki, iEARN da Global Nomads Group, suka riƙa neman gwamnatoci su ɗauki musayar intanet, wato haɗa ɗaliban ƙasashe daban daban ta intanet, da muhimmanci. Ranar 11 ga Satumban 2012 aka kashe jakadan Amurka a Libiya, Christopher Stevens, a Bengazi, mutumin da a ƙuruciyarsa ya koyar da Turanci a Maroko, sai a 2015 aka kafa Stevens Initiative da sunansa ƙarƙashin cibiyar Aspen, da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka da gidauniyar iyalan Bezos da gwamnatocin Maroko da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, don ɗaukar nauyin irin waɗannan shirye shirye tsakanin Amurka da Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Tarayyar Turai ita ma ta gwada nata daga 2018 zuwa 2020 ƙarƙashin Erasmus+, shirinta na musayar ɗalibai da matasa, ga matasa 'yan shekara 18 zuwa 30 na Turai da ƙasashen kudancin Bahar Rum, ƙungiyar Search for Common Ground ce ta jagoranci haɗakar da ta gudanar da shi, Soliya na ciki, shugaban Search for Common Ground na lokacin kuma, Shamil Idriss, shi ne ya shugabanci Soliya kafin 2014. Da korona ta rufe filayen jirgi a 2020 jami'o'in da a da ke ganin abun wasa ne suka zo suna nema da gudu.

Duba jerin nan da kyau za ka ga kusan kowane babban kuɗi bayan wani tashin hankali ya zo. Kenan a idon masu bayarwa matashin Musulmi matsala ce da ake son a shawo kanta, kuma ɗalibai ba yara ba ne, suna jin ƙanshin wannan, dole wani ya tambaya wa ke biya kuma me yake so. Tambaya ce halattacciya, amsarta ita ce a faɗa musu gaskiya tun ranar farko kuma a bar su su soki ƙasar da ta ba da kuɗin a cikin ɗakin ba tare da an kauda maganar ba. Illa ta biyu ita ce taswirar masu kuɗi ta tsaya a bakin Sahara. Shekara da shekaru ana maganar fahimtar juna tsakanin Yamma da Musulmi amma Kano da Sakkwato da Zinder da Njamena ba sa cikin lissafin manyan asusun nan, alhali Musulmin Najeriya kaɗai sun fi na yawancin ƙasashen Larabawa yawa. Sai a zangon Erasmus+ na 2021 zuwa 2027 ne aka buɗe wa jami'o'i da ƙungiyoyin matasa na Afirka kudu da Sahara ƙofar neman kuɗin musayar intanet, tare da abokan haɗin gwiwa daga Turai.

In wani sashe a BUK ko ABU ko jami'ar Ɗanfodiyo zai shiga irin wannan, abun da zai fara kayar da shi kalanda ce kafin ma a zo maganar data. Shiri ne na mako takwas a jere da ya dogara da samistar kowa ta zo ɗaya, mu kuwa a 2020 yajin aikin ASUU ya ci wata tara, a 2022 ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibin da aka tura gida ƙauye ba wuta ba netwok ya fita daga rukuni kenan, sauran tara kuma su ji an yi musu giɓi. Data ma ba wasa ba ce, bidiyon awa biyu duk mako a aljihun ɗalibi bayan ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025, in makaranta ba ta ware ɗaki mai sola da intanet da ɗan sirri ba to 'ya'yan masu hali ne za su sake cin moriyar, an koma gidan jiya.

Amma salon kansa ba mallakin kowa ba ne, kuma ba dole sai da Bature a ɗaya gefen ba. Katsina da Maraɗi tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ce, agogonmu ɗaya, ɗalibin jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ɗaya da Turanci yake karatu ɗaya da Faransanci, amma da yawansu Hausa suke yi da iyayensu, kenan matsalar yare da ta addabi Soliya a nan babu ita, babu wanda zai sha gaban wani. Kuma akwai abun tattaunawa mai zafi na gaske, rufe boda daga 2019 zuwa 2020, sake rufe ta da yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ficewar Nijar daga ECOWAS, 'yan bindigar da ke ƙetare iyaka ta dajin da ya haɗa mu, kowane ɓangare da labarin da rediyonsa ya ba shi. Haka tsakanin Kano da Nsukka, ko Jos ta arewa da Jos ta kudu, inda bautar ƙasa ce kusan kaɗai ke haɗa matasa kuma ita ma iyaye na neman a canja wa 'ya'yansu jiha saboda tsoron hanya. Manhajar bidiyo yanzu tana cikin wayar kowa. Abun da za a fara nema shi ne mutum biyu ga kowane rukuni da aka horar su zauna a tsakiya su riƙe bakinsu, da shugaban sashe da zai yarda ya ba abun maki a cikin kwas, da ɗaki guda mai wuta wanda za a iya rufe ƙofarsa na awa biyu.